Dokin-gaggafa a littafin Monster Manual: kyakkyawar siffa, raunanan alƙaluma

Littafin Monster Manual da kamfanin Wizards of the Coast na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 2014 shi ne kundin halittu na zubi na biyar na Dungeons & Dragons, wasan da mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda a cikin labari, mutum ɗaya kuma ya zama jagora mai bayyana duniyar da ake ciki da yanke hukunci, sannan a jefa 'yan lido masu fuskoki daban-daban domin a san ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Littafin yana da shafi 352 da bango mai tauri, an kuma sa masa farashin dala 49.95 lokacin da ya fito. An yi masa sabon bugu a 2025, amma wannan sharhi a kan na 2014 ne, domin shi ne a hannuna, da shi kuma na yi shekaru ina jagorantar wasa. Ba zan bi shi daga bango zuwa bango ba. Zan auna shi da halitta guda, wato hifogirif, wanda muke kira dokin-gaggafa a teburinmu, saboda a kansa ne na fi ganin inda littafin ya yi rawar gani da inda ya bar mai saye da aiki a wuya.

Dokin-gaggafa ya girmi wasan da ɗaruruwan shekaru. Virgil, mawaƙin tsohuwar daular Rum, ya kawo haɗuwar girifon da dawaki a wata waƙarsa a matsayin misalin abin da hankali ba zai ɗauka ba, domin girifon, wanda gabansa na gaggafa ne bayansa kuma na zaki, tsakaninsa da doki ba a ga maciji. Daga baya mawaƙin Italiya Ludovico Ariosto ya ɗauki wannan abin da aka ce ba zai yiwu ba ya busa masa rai a cikin Orlando Furioso, wanda aka fara bugawa a 1516, inda ya zama ɗan da goɗiya ta haifa wa girifon, kuma abin hawan barade. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a karon farko a 1974, dokin-gaggafa yana cikin jerin halittunsa. Bugun 2014 ya ajiye batun iyayen gefe guda, ya ce asalin halittar na sihiri ne kuma ya ɓace a tarihi. Na so a ce an bar maganar Ariosto, domin dabbar da jinsin mahaifinta ke farauta tana ɗauke da labari tun kafin jagora ya buɗe baki.

Duk da haka, bayanin da aka rubuta a kansa, wanda bai wuce shafi guda ba, yana cikin abubuwan da suka sa na ga littafin ya ci kuɗinsa. An siffanta shi da fukafukai da ƙafafun gaba na gaggafa, da ɓangaren baya na doki, da kai mai haɗe da kamannin biyun. An ce ba ya son cuɗanya, yana cin nama da ganye, ba ya nisa da sheƙarsa fiye da 'yan mil kaɗan, kuma idan namiji da mace suka haɗu sun haɗu ke nan har mutuwa. An ce ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, kuma yakan tsaya kare abokin zamansa da 'ya'yansa ko da zai rasa ransa. An ƙara da cewa dodannin da ake kira diragon da wiban, da girifon ɗin kansa, duk suna kwaɗayin namansa. Kowace jimla a nan abin aiki ce ga jagora. Da wannan kaɗai na shirya zama guda cif: jarumai suna hawan dutse, namijin dokin-gaggafa ya far musu ba tare da dalilin da suka gani ba, sai da suka kai ƙololuwa suka tarar da macen kwance da rauni, ɗanta yana laɓe a ƙarƙashin fiffikenta. 'Yan wasan da suka zo da niyyar kisa suka mayar da takubba kube, suka koma neman magani. Rubutun da ya iya juya zukatan mutane haka ba ƙaramin rubutu ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan aka sauko kan alƙaluma. Littafin ya ba dokin-gaggafa makin kariya 11 (ma'aunin wuyar samunsa da hari) da makin rai 19 (yawan ɓarnar da zai iya jurewa kafin ya faɗi), gudunsa a ƙasa ƙafa 40 a kowane zagaye na faɗa, a sama kuma ƙafa 60, ƙarfinsa 17, matakin haɗarinsa 1. Yana kai hari sau biyu a zagaye, sara da baki mai matsakaiciyar ɓarna 8 da yakushi da farce mai matsakaiciyar ɓarna 10, kuma yana da kaifin gani. A matsayin abokin gaba wannan ya wadatar, domin ɓarnar 18 a zagaye ɗaya tana iya kwantar da yawancin jaruman da ke matakin farko. Sai dai littafin da kansa ya tallata shi a matsayin abin hawa, inda ya ce wanda aka rena a hannu yana cikin mafiya sauƙin horo da riƙon amana a duk dabbobin da ake hawa a tashi sama. To, a nan ne makin rai 19 ya zama abin damuwa. Dokin yaƙi na ƙasa, a cikin wannan littafi, shi ma kariyarsa 11 ce kuma ransa 19, alhali mahayinsa idan ya faɗi daga sirdi zuwa ƙasa kawai zai faɗo. Girifon yana da makin rai 59 da gudun ƙafa 80 a sama, fegasus, wato doki mai fukafukai, shi ma 59 ne da gudun ƙafa 90, kuma dukansu mataki ɗaya tak suka ɗara dokin-gaggafa a ma'aunin haɗari.

Na ga illar wannan a gabana. Ƙanina ne ya ɗauki nauyin renon wancan ɗan dokin-gaggafa bayan uwar ta mutu, ya raɗa masa suna Kili, ya kuma zana shi da biro a bayan takardar jaruminsa. Watanni muna wasa yana ware kuɗin jaruminsa domin abincin Kili. A karon farko da ya hau shi zuwa fagen fama, wani matsafi daga ɓangaren abokan gaba ya wurga sihirin dunƙulen wuta, wanda ake jefa wa 'yan lido takwas masu fuska shida, matsakaiciyar ɓarnarsa 28. Na jefa wa Kili ɗan lidon kaucewa a bainar kowa, bai tsallake ba. Suna ƙafa 60 sama da ƙasa a lokacin, kuma dokar wasan ita ce ɓarnar ɗan lido ɗaya a kan kowace ƙafa 10 ta faɗuwa, don haka mahayin ya ƙara shan wasu shida bayan ƙunar da ya riga ya sha. Ƙanina bai ce uffan ba. Ya kife takardar, zanen ya koma sama, ya daɗe yana kallonsa. Mutuwa tana cikin wasan, ban kuma ce a cire ta ba, amma dabbar da aka kwaɗaitar da ɗan wasa ya yi watanni yana reno bai kamata sihirin da jarumai kan samu tun a mataki na biyar ya gama da ita a bugu ɗaya ba.

Gibi na biyu ya fi wannan faɗi, kuma tun ranar da aka ɗauko Kili ya bayyana. Ƙanina ya tambaye ni, “Yaya, wata nawa zai yi kafin ya yarda da sirdi, kuma in da saye ne nawa ake sayar da irinsa?” Na duba shafin sama da ƙasa, babu amsar ko ɗaya. Littafin Player's Handbook, wato littafin dokoki na 'yan wasa, ya jera farashin dabbobin hawa a kuɗin cikin wasa, dokin sukuwa tsabar zinare 75, dokin yaƙi 400, har da raƙumi da giwa, amma babu dokin-gaggafa a jerin. A can ne kuma aka ce dabba mai tashi sai da sirdi na musamman mai kuɗi 60, a can ne aka ce sulken dabba, wato abin da ya yi kama da lifidin da aka sani a wajenmu, kuɗinsa ninki huɗu ne na sulken mutum, nauyinsa kuma ninki biyu. A can ne dai za ka gano cewa dabbar da mahayi ke sarrafawa da linzami ba ta kai hari, iyakarta ta ƙara gudu, ko ta janye, ko ta kare kanta, wanda ke nufin bakin nan da farcen nan da aka lissafa sun zama ado muddin kana riƙe da ragama. Akwai ma wata baiwa ta mahaya a littafin da ke rage wa dabba ɓarnar irin wancan sihiri, wadda da mun lura da ita da wuri wataƙila da Kili ya rayu. Batun doguwar tafiya kuwa sai ka buɗe littafi na uku, Dungeon Master's Guide, wato littafin jagora, inda aka ce abin hawa mai tashi yana hutun awa ɗaya bayan kowace awa uku, kuma ba ya wuce awa tara a sama a rana, wanda a gudun dokin-gaggafa ya kama mil 54. Nauyin da zai iya ɗauka ma da kanka za ka lissafa daga ƙarfinsa da girmansa, ya fito kusan kilo 230, wato mahayi ɗaya da kayan yaƙinsa cikin walwala, biyu kuwa da ƙyar. Babu laifi a raba dokoki tsakanin littattafai, amma layi biyu a ƙasan shafin da ke nuna wa jagora inda zai duba da sun rage masa jujjuya littattafai uku alhali mutane suna zaune suna jiransa.

Ta fuskar bugu ba ni da ƙorafi. Takardar mai sheƙi ce, zane-zanen masu launi ne, an jera halittu bisa haruffa, kuma akwatin alƙaluma a fili yake yadda ido zai tsinci abin da yake nema a tsakiyar faɗa.

Wanda alƙaluman dokin-gaggafa kawai yake bukata bai kamata ya kashe kuɗinsa ba, musamman idan sai an yi masa odar littafin daga waje an ɗora kuɗin dako, domin suna cikin takardar dokokin da kamfanin ya saki kyauta a intanet, wadda ya sanya ƙarƙashin lasisin Creative Commons a farkon 2023. Abin da ba ya cikin waccan takarda shi ne bayanin ɗabi'a da zane, wato ainihin ɓangaren da na yaba. Saboda haka jagoran da ke ƙirƙirar labaransa da kansa shi ne zai ci moriyar littafin, ɗan wasan da ke mafarkin hawa kuwa Player's Handbook ya fi masa amfani. A teburinmu, tun bayan Kili, na kafa ƙa'ida cewa dokin-gaggafan da aka rena a hannu yana samun ƙarin makin rai duk lokacin da mahayinsa ya hau sabon mataki, kuma idan ransa ya kai sifili ana jefa masa 'yan lidon tsira daga mutuwa kamar yadda ake yi wa jarumi. Horonsa na yanke shi a kan wata shida na lokacin labari, sayensa kuwa na hana gaba ɗaya, duk mai so sai ya hau dutse ya nemo.