Talibambam a ajin nazare: abin da na gani a makarantar 'yata a Agege

A zango na uku na bana, makarantar nazare da 'yar autata take zuwa a nan Agege ta ɓullo da shirin koya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 5 halittun cikin ruwa. Takardar ta zo da ƙarin kuɗi a tsakiyar zango ba tare da an sanar da mu tun farko ba, kuma wannan ya ɓata min rai, har na faɗa wa shugabar makarantar baki da baki. Amma na biya, kuma yanzu da aka kammala ban yi da-na-sani ba.

Ni a Zariya na tashi, bayan gidanmu kududdufi ne. Ruwan farko na sauka kwaɗi za su cika dare da kuka, da safe mu je da gwangwani mu ɗebo talibambam. 'Yata kuwa a Legas aka haife ta, ruwan da ta sani shi ne na kwata, wanda kullum ake daka mata tsawa kada ta taka.

Littafin da suke amfani da shi daga Ingila aka kawo shi, yana maganar lokacin da ƙanƙara ke narkewa furanni su fito. Antinsu ta yi hankali, ta ajiye wannan shafin gefe, ta jira ruwan Afrilu. Da damina ta kankama ta samo ƙwan kwaɗo daga wani fili da ruwa ke kwantawa, irin mai tsawo kamar zaren carbi, ta sa a babbar roba mai garai-garai a gefen taga, da ruwan wurin da ɗan ganyen kainuwa. Kowace safiya yara su leƙa, su zana abin da suka gani. Littafin zanen 'yata yana nan na adana: shafin farko ɗigo-ɗigo baƙi, sai kai da wutsiya, sai ƙafafun baya, daga baya na gaba. Ranar da wutsiya ta fara gajarta ta dawo gida da kuka, wai wani ya yanke musu. Washegari Anti ta zaunar da su ta bayyana musu cewa jikin ne yake shanye wutsiyar, shi ya sa a kwanakin nan ba sa neman abinci sosai. Yarinya ta dawo tana koya wa babanta wannan, yana cin tuwo tana nuna masa zane.

Akwai inda suka yi sakaci. A makon farko wani ma'aikaci ya ƙara ruwan da aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta a robar, kusan rabin talibambam suka mutu. Sannan an bar robar a buɗe har 'ya'yan sauro suka bayyana suna wutsil-wutsil. A garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sauro daga ƙwai zuwa tashi bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Sai da wata uwa ta yi magana aka rufe da gidan sauro.

An rufe shirin da ziyarar Lekki Conservation Centre, dajin fadama mai hekta 78 da aka kafa a 1990. Na bi su. Daga Agege a hau gadar Third Mainland a gangara Lekki da ƙananan yara cikin gosulo, tafiya ce mai gajiyarwa, ya kamata a ce an tashi tun da asuba. Amma da muka hau hanyar katakon nan da ke ratsa fadama, birai na tsalle a kanmu, gajiya ta tafi. Doguwar gadar sama mai mita 401 ba a hau da yaran ba, kuma daidai ne. A bakin tafkin kifi suka fi daɗewa, suna bin mazari da ido.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne komai da Turanci aka koyar, alhali kusan rabin ajin 'ya'yan Hausawa ne, sauran yawanci Yarbawa. Me zai hana a tambayi iyaye sunayen a harsunansu a rubuta a jikin robar? Na ba su wannan shawara, Anti ta rubuta ta ce za ta gwada baɗi. Kafin nan ni na ɗauki nauyi a gida: bado, kainuwa, mazari, burduddugi.

Ranar da za a mayar da ƙananan kwaɗin inda aka ɗebo ƙwansu, 'yata ta sa na kira mata kakarta a Zariya. Ta ce, "Hajiya, kin san talibambam?" Hajiya ta yi dariya ta ce, "Uwarki ta taɓa cika min randa da su." Sun fi minti 20 suna hira, har katina ya ƙare.