Majigi ko taswirar bango don darasin Asiya? Ga abin da na gani a ajina

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Tunda kin ce abu ɗaya kuɗin zai iya saya, ko ƙaramin majigi ko babbar taswirar Asiya ta bango, to ki sayi taswirar. Ni duka biyun na saya da kuɗin aljihuna. Taswirar tana rataye a ajina shekara ta shida ke nan. Majigin yana cikin kwalinsa a saman durowa, uwargida ma ta ɗora masa kwanuka.

Amma ba kowace taswira ba. Ki nemi mai nuna yanayin ƙasa, wadda aka yi wa tsaunuka launin ƙasa-ƙasa, kwari kore, koguna shuɗi. Wadda kowace ƙasa take da launinta, ja nan rawaya can, ta fi kyau a ido, sai dai abin da take koya wa yaro bai wuce sunan ƙasa da babban birninta ba, shi kuwa wannan ana haddace shi ko a littafi.

Ranar da na fara rataye tawa, na tambayi 'yan aji biyu me suka sani game da Asiya. Indiya suka fara cewa, saboda fim. Sai Sin, saboda waya da babur. Wani ya ce Tailan, don ya gani a jikin buhun shinkafa. Na kira wata yarinya na ce ta nemo mini Makka. Ta daɗe tana lalube a ɗan gefen Afirka da ya leƙo ta hagu, kafin yatsanta ya tsallaka Bahar Maliya. Ta juyo ta ce, “Malam, ashe Hajiyarmu Asiya ta je?” Aji ya kwashe da dariya, amma rabinsu su ma a ranar suka sani. Tun daga nan nahiyar ta daina zama wata uwa duniya a wurinsu, ta zama inda kakanninsu suka taka.

Darasin da ya sa ba zan rabu da taswirar nan ba shi ne na koguna. Ulu shuɗi nake saya ƙulli ɗaya, da salatif. In nuna musu wannan babban tabo mai duhu a tsakiya, tudun Tibet da tsaunukan Himalaya, inda Eberes yake da tsayin mita 8,849. Sai in ba yara shida zare, kowa ya bi kogi ɗaya daga tsauni har teku yana liƙawa. Mai Indus ya gangara Pakistan. Mai Ganges ya ratsa arewacin Indiya. Mai Brahmaputra ya yi gabas ta bayan tsaunuka, ya karya kwana ya sauko kudu. Mai Mekong ya fi kowa shan wahala, don sai ya taɓa ƙasa shida: Sin, Miyanma, Laos, Tailan, Kambodiya da Biyetnam. Biyun ƙarshe su bi Yangtze da Huang He zuwa gabashin Sin. Idan suka koma mazauninsu, ba na cewa komai, sai in bar su su kalli zaren nan duk sun fito daga wuri guda kamar jijiyoyin ganye. Tambayata ɗaya ce: in ƙanƙarar saman nan ta ci gaba da narkewa, ko wanda ke sama ya gina madatsa ya tare ruwa, wa zai ji a jikinsa? Wani yaro da mahaifinsa ke noman rani ya taɓa ba ni amsar da ta fi ta littafi. Ya ce, “Malam, ai irin rigimar da ake yi ce a fadama, mai gonar sama ya toshe hanyar ruwa, na ƙasa ya zo da fartanya.” Ban ƙara komai a kai ba.

Daga nan zaren da kansa yake kai mu Bangaladash, don a can na Ganges da na Brahmaputra suke haɗuwa kafin su faɗa teku. A taswira wurin kore ne shar, ba tudu sai ɗan gefe. Nakan ce musu su haɗa jihar Neja da jihar Borno, to girman ƙasar ke nan, sannan su zuba mutum wajen miliyan 170 a ciki. Sai ka ga baki ya buɗe. Ruwa yana zuwa musu ta sama daga tsaunuka, yana zuwa ta ƙasa daga teku idan guguwa ta taso. Ta shekarar 1970 kaɗai ta kashe mutum aƙalla dubu 300, lokacin ma ƙasar tana Gabashin Pakistan. Ba na tsayawa a kan masifa kawai, don yaro kada ya tashi da tunanin mutanen can zaune suke suna jiran ruwa ya ci su. Yanzu suna da hanyoyin gargaɗi da dogayen gine-ginen fakewa, mace-macen sun ragu ƙwarai. A kudancin ƙasar manoma na tara ciyawar ruwa irin kainuwa su yi kunya da ita, ta riƙa yawo a kan ruwa, su shuka kayan lambu a bisa. Ruwa ya hau, gona ta hau tare da shi.

Al'adu ma ta wannan hanyar nake shigar da su, in ba haka ba darasin zai koma jerin kaya da abinci da ba a san dalilinsu ba. Iskar daminar kudancin Asiya daga tekun Indiya take tasowa ta kudu maso yamma, daga Yuni zuwa Satumba, kusan yadda tamu take zuwa daga Atilantika. In ta bugi tsaunuka sai ta sauke kayanta. Akwai garin Mawsynram a arewa maso gabashin Indiya da ke samun ruwan sama fiye da milimita 11,000 a shekara, ninkin namu wajen sau goma. To ki sa yara su bi koren wuraren nan da yatsa, daga Bangaladash zuwa bakin Mekong zuwa kudancin Sin zuwa tsibirin Jaba, su da kansu za su gaya miki me ya sa shinkafa ce tuwon mutanen. A haura arewacin Sin ko yankin Punjab na Indiya da Pakistan, ruwa ya ragu, sanyi ya ƙaru, sai alkama, sai taliya da gurasa. A ƙara haurawa Mongoliya, can noma ya yi wuya, sai kiwo. Makiyayansu suna zama a zagayayyen tanti da suke kira ger, a kwance shi a ɗaure a ƙaura, abincinsu nama da nono. Yaran rugar da ke ajina a nan suke gyara zama. Abin da ke ba su mamaki shi ne su makiyayan can sanyi ne babban abokin gabarsu. Akwai shekarar da fari ke zuwa da rani, sannan hunturu ya zo da ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya rage na ciyawa, suna kiransa dzud, na 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi miliyoyi.

Indonesiya kuwa ko da yaushe sai an yi mini gardama. Ba sa yarda cewa ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi ba ta Larabawa ba ce, wai tarin tsibirai ne sama da 17,000 a can ƙarshen taswira. Daga nan nake kawo zancen Jakarta, babban birninsu, wadda arewacinta ke nutsewa a hankali saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, ga teku kuma yana hauhawa. A 2022 suka yi dokar gina sabon babban birni, Nusantara, a tsibirin Borneo. Yaro ya auna tazarar da tafin hannunsa, ya ga ƙaura ce ta tsallaka teku.

Majigi fa? To, ba zan ci haƙƙinsa ba, gani ya kori ji. Sau ɗaya ya yi mini aiki yadda nake so, na nuna gonakin shinkafa na tsibirin Bali a Indonesiya da aka sassaƙa a jikin tudu hawa-hawa kamar matakala, yara suka yi tsit. Iyakar alherinsa ke nan a wurina. Tagogin ajina ba labule, da hantsi hoton sai ya zama kamar an wanke shi da ruwa. Darasi minti 40 ne, kafin a samo waya mai tsawo, a nemo mai makullin ɗakin janareto, a tura yaro neman mai, an kaɗa ƙararrawa. Ranar da komai ya daidaita kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo, yara saba'in suka yi “kaaash” a tare, na koma allo da alli ina jin kunya. Ko da ya yi aiki, hoto wucewa yake yi. Taswira tana nan a bango har lokacin tara, na sha shigowa in tarar da yara uku huɗu a gabanta suna musu a kan ko Jafan ta fi Filifin girma, ba wanda ya sa su.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa, don ni an yi mini. Taswirata ta farko a wani shagon littattafai na saye ta, a naɗe cikin leda, mai shagon yana rantsuwa sabon shigowa ce. Sai da na isa gida na warware na ga Tarayyar Sobiyet shimfiɗe a sama, ƙasar da ta wargaje tun 1991. Na mayar ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Saboda haka ki sa a warware miki a gabanki, ki duba da idonki. Ki nemi Kazakistan da Uzbekistan a matsayin ƙasashe masu zaman kansu. Ki ga an rubuta Mumbai, don tun 1995 aka daina Bombay. Yaman ta zama ɗaya tun 1990, in kin ga biyu ki ajiye. Ki duba ko akwai Timor ta Gabas, wadda ta samu 'yanci a 2002, sannan babban birnin Miyanma ya zama Naypyidaw ba Yangon ba. Minti biyu ya isa. Shekarar da aka buga a kusurwa kada ki dogara da ita, akwai masu sake buga tsohon zane su sa masa sabuwar shekara. Ki kuma ja da baya taku goma ki gani ko ana iya karanta manyan sunaye, don wasu ƙaramin hoto suke saukewa daga intanet su buɗa shi, rubutun duk ya dagule.

Masu majigi sun fi haka iya baki. Lambar hasken da ake rubutawa a jikin kwalin masu arahar nan, kada ki yarda da ita, araha ba ta ado. Za su gwada miki a can ƙuryar shago inda ba haske, ki ga hoto tangaran. In wata rana kin samu kuɗi kin nace sai kin saya, ki ce a gwada a bakin ƙofa da rana tsaka, kuma kada ki tura wa kowa kuɗi don kin ga hoton kaya a Facebook.

Abin dariya, waccan tsohuwar taswirar da aka cuce ni da ita ban yar ba, yanzu ma tana da ranarta guda a kowane zango. A cikinta tafkin Aral yana nan cike, shuɗi ƙato a tsakiyar Asiya. A 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000, shi ne na huɗu a tafkunan duniya. Gwamnatin Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga a cikin hamada. Nakan rataye tsohuwar kusa da sabuwar in ce su nemo bambanci. A sabuwar sai 'yan guntaye. Garin Moynaq da yake tashar masunta yanzu jiragen ruwa ne kwance a kan yashi suna tsatsa, ruwan ya yi nisa da garin, iska na kwasar gishiri da ragowar maganin feshi tana watsa wa mutane. Ban taɓa kai ƙarshen labarin nan ba tare da wani ya ɗaga hannu ya ce tafkin Chadi ba. Sai mu zauna mu rarrabe: namu fari da ƙarancin ruwan sama suna da babban hannu a ciki, nasu kuwa yawanci aikin ɗan Adam ne. Nakan ƙara musu da cewa Kazakistan ta gama madatsar Kok-Aral a 2005, ɓangaren arewa ya sake tara ruwa har kifi ya dawo. Don haka in kin ci karo da irin tsohuwar nan a siton makarantarku, ki karkaɗe ta ki ajiye. Kyauta dai, ba da kuɗin sabuwa ba.

Canjin da zai rage miki, wanda ba kaɗan ba ne tunda taswira ba ta kama ƙafar majigi a tsada ba, ki kai wa masu buga hoto su fitar miki da guda goma sha biyu manya, a sa musu leda: tantin ger, jiragen Moynaq, gonakin Bali, masu wanka a Ganges a Baranasi, hayaƙin da ke rufe Delhi a watan Nuwamba lokacin da manoman Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa, da sauran abin da darasinki ya taɓo. Kowane hoto yaro ne zai tashi ya liƙa shi a inda ya dace a jikin taswirar. In da saura ki ƙara da littafin taswira ko da uku ne, layi-layi su riƙa karɓa.

Ita taswirar, ki ba kafinta ya buga mata siririn katako sama da ƙasa. Naɗe ta za ki riƙa yi, kada ki ninka, tawa ta farko a kan ninkin ta yage, daidai tsakiyar Indiya. Wajen ratayewa kuma ki sa ƙusar ƙasa-ƙasa, ki kira mafi gajarta a ajin ya miƙa hannu, in bai taɓo Mongoliya ba ki sake saukar da ita. Allah ya taimaka, Malama.