Memorin tatsuniyoyin mutanen ɓoye da ake sayarwa a Farm Centre

A wani ɗan shago cikin kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, irin na samarin nan masu tura wa mutane fina-finai da karatu, ana sayar da memori ɗauke da muryar wata dattijuwa tana tatsuniya da labaran mutanen ɓoye. Babu hoto, murya ce zalla. Yarana na saya wa, kuma ina son iyaye su neme shi, amma da sharaɗi.

Abin da ya kama zuciyata shi ne tsohuwar ba ta yi wa halittun nan kuɗin goro ba. Yaran yanzu duk abin tsoro a wurinsu aljani ne, ita kuwa kowa ta ajiye shi a mazauninsa. Dodo dabam, shi ne na tatsuniya, mai haɗiye mutane, mazaunin kogi ko ƙungurmin daji, ga girman jiki ga tsoron karnuka. Fatalwa dabam, tunda ita cewa ake yi mamaci ne ya dawo. Maye kuma mutum ne ɗan uwanmu da ake zargi da kama kurwa. Sai ta zo kan iskoki ta raba su gida biyu kamar yadda na ji a bakin kakata a Gwammaja: farare, waɗanda ake cewa na cikin gari ne masu sauƙin hali, da baƙaƙe na dawa masu zafin rai. Ta bi wuraren zamansu, kuka da tsamiya da tsohuwar rijiya da juji da kango, har da guguwar da ke tashi da tsakar rana. Daga nan 'yata ta gane abin da ya sa nake bisimilla kafin in zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Rannan na gan ta da tukunya a hannu a bakin rariya, leɓenta na motsi, ba wanda ya tuna mata.

Muryar baiwar Allah nan kuwa sai wanda ya ji. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," takan dakata, ta bar wa mai sauraro wurin amsa "Ta zo mu ji ta." In Dodo zai yi magana sai ta maƙe maƙogwaro, har autana ya matso ya riƙe mini zani. Ta kuma yi abin da ya dace, ta fara da cewa aljanu gaskiya ne a Alƙur'ani, akwai sura ta 72 da sunansu, daga wuta aka halicce su, cikinsu akwai musulmi akwai kafiri, sauran abin da za ta faɗa kuwa zancen mutanen da ne.

Sharaɗin yana kashi na biyu, inda ta shiga iskokin bori da birninsu na Jangare. Ta kawo Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son ado da turare da ɓarin dukiya, da Malam Alhaji mai tasbaha, da Barhaza Bafulatana mai nono, da Sarkin Rafi mai haukan ruwa. A matsayin tarihi ya yi daɗin ji, ni kaina na ƙaru. Amma ba na ƙananan yara ba ne su kaɗai. Da ta zo kan Inna, wadda ake ce wa Doguwa, ta ce ita ke shanye wa yaro ƙafa, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Nan na tsayar da rediyon. Na zaunar da su na ce shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ɗigon rigakafi ke kare yaro, kuma da shi aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020. Mu a Kano mun san guragun da wannan ciwo ya bar mana, ba zan yarda yaro ya kwana da wancan bayani a kansa ba.

Labarin Tsumburbura, abar bautar mutanen Kano na da, an taƙaita shi ƙwarai, ga shi mu da dutsen Dala kullum muna kallon juna. Ta ambaci Barbushe, jagoran masu bautar Tsumburbura a dutsen, da yadda yake kawo wa jama'a labarin abin da zai faru, sai ta wuce. Na so ta daɗe a nan.

Ɗaukar sautin ma da sauran gyara. A wani wuri ƙarar janareta ta danne muryar, kuma fayilolin lamba kawai aka sa musu, sai ka buɗe kafin ka san wane labari ne. Na faɗa wa yaron shagon, ya karɓa da ladabi, ya ce, "Hajiya, ki kawo in raba miki, na yara gefe guda, na manya gefe guda." Ya kuwa yi, bai karɓi ko sisi ba. Duk wanda zai saya, ya nemi a yi masa wannan rabon tun a shagon, sannan ya fara sauraron kashi na biyu shi kaɗai kafin yara su ji.