Tayar Keke a Kumasi: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Idan ka shiga Alabar ko wajejen Kejetia neman tayar keke, abin da mai shago zai fara tambayarka shi ne, "Lamba nawa, Malam?" Yawancinmu ba ma wuce ashirin da shida ko ashirin da takwas, kuma daga nan asara take farawa, domin tayoyin da aka rubuta wa 26 ba girmansu ɗaya ba ne. Kafin ka bar gida ka goge gefen tsohuwar tayarka da tsumma. Za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 47-559 ko 37-590. Ta farko kaurin tayar ne da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ɗin da za ta zauna a kai, shi ma da milimita. Kauri ana iya ƙarawa ko a rage kaɗan, matuƙar tayar ba za ta goga jikin keke ba. Lamba ta biyu ba a taɓa ta.

Keken maunten mai giya, wanda samari suka fi so, 26 ɗinsa 559 ne. Keken Japan mai kwando a gaba, da aka rubuta wa 26 x 1 3/8, nasa 590 ne. Milimita 31 ke tsakaninsu, ko masta nawa ka tara ba za su zaunar maka da tayar wannan a rim ɗin wancan ba. Haka 28 take. Tsohon Phoenix ko Raleigh mai birkin ƙarfe, na dattawanmu da masu dakon kaya, 28 x 1 1/2 ne, wato 635, amma kekunan Turai na yanzu da aka rubuta wa 28 ko 700C, 622 ne. Ka ɗauki hoton lambar a waya, ko ka kwance tsohuwar tayar ka rataya a kafaɗa ka tafi da ita.

Abin da za ka tarar a kasuwa kashi uku ne: sabuwa mai arha wadda ba ka taɓa jin sunan kamfaninta ba, sabuwa ta kamfanin da aka sani irin su Kenda da CST, dukansu na Taiwan, sai ta gwanjo da ake cirewa daga kekunan da ke sauka a tashar ruwa ta Tema. Mai arhar ba zan zage ta ba. Yaron da ke zuwa makaranta cikin unguwa, ko wanda sai ranar Juma'a yake fito da kekensa, ta ishe shi. Amma mai tashi daga Tafo zuwa Adum kullum, ko mai ɗaure buhu a kariya, ya san araha ba ta ado: robar tsakiyarta ba ta da kauri, gefenta kuma yakan fara tsattsagewa tun zanen bai cinye ba. Ga irin wannan mutum, Kenda ko CST sabuwa ita ce tsaka-tsakin da ba a cika yin da-na-sani a kanta ba.

Ta gwanjo ita ce mai rikici, domin a cikinta ake samun mafi kyau, a cikinta kuma ake samun mafi muni. Za ka ga Schwalbe da Continental, kamfanonin Jamus, waɗanda sababbinsu kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Schwalbe Marathon Plus, alal misali, tana da shimfiɗar roba shuɗiya mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin zanenta, wadda ƙaramar ƙusa ko tsinken kwalba ba sa iya ratsawa. Tana da nauyi, za ka ji ta a ƙafarka a hawan tudu, Kumasi kuma ba ta rasa tudu ba, amma wanda ya gaji da zaman jira a wajen mai faci zai yafe mata. Matsalar ita ce roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, sunan da ke jikinta kuma ba ya gaya maka shekara nawa ta yi a ajiye. Don haka kada ka tsaya kan zane. Ka kama gefen tayar ka lanƙwasa a hasken rana. Idan ka ga ƙananan tsaga sun buɗe baki, ajiye ta. Ka danna farce a kan robar, mai rai tana ɗan lotsawa ta dawo, wadda ta mutu ta ƙafe. Ka bi wayar bakinta da yatsa zagaye guda, kada a ce ta karye ko ta fito daga cikin roba, domin irin wannan ce take tsalle daga rim a ji ƙara. Sannan ka juya cikinta ka duba ko zare ya warware ko an taɓa liƙa mata wani abu. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan daga Jamus ta zo." Gaskiya ya faɗa, amma ka lanƙwasa tukuna.

Maganar zane kuwa, a nan nake saɓa wa samarinmu. Kowa yana son taya mai manyan haƙora don ta fi cika ido. A taɓo da jar ƙasar lungu tana da amfani, haƙoran suna nutsewa su kama. A kan kwalta ba abin da za su nutse a ciki, sai nauyin tuƙi da gurnani, tsakiyarta ta suɗe da wuri, kuma a kwana idan kwalta ta jiƙe haƙoran gefe suna lanƙwashewa keke ya yi ta rawa. Abin da ke riƙe keke a jiƙaƙƙiyar kwalta laushin roba ne da yawan robar da ta taɓa ƙasa. Mafi yawanmu tafiyarmu haɗe take, babban titi sannan ɗan lungun Aboabo ko Sawaba kafin a isa ƙofar gida. Wannan tafiya taya mai sumul a tsakiya da ƙananan haƙora a gefe take so, mai kaurin inci 1.75 zuwa 2. Siririyar tayar keken tsere a bar wa masu fita motsa jiki da asuba, ramukan titinmu ba sa raga mata.

Damina biyu muke yi a nan, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan farko bayan rani shi ne mafi haɗari, domin yana tayar da ƙura da man da motoci suka daɗe suna zubarwa, titi ya yi santsi kafin ruwa ya wanke shi. Murfin kwata na ƙarfe da farin fentin titi ba tayar da ke kama su idan sun jiƙe, sai dai ka bi ta kansu a miƙe ba tare da taka birki ba. A rage iska kaɗan a irin wannan rana yana taimakawa. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yashin da ke taruwa a gefen titi shi ke kayar da mutum a kwana. Keken da ke yini a rana kuwa tayarsa takan riga ta kowa tsattsagewa, a nema masa inuwa.

Akwai wata taya da takan ɓullo cikin kayan gwanjo, jikinta duk ƙananan ƙusoshin ƙarfe, wasu su ɗauka ita ce ƙarshen ƙarfi. Tayar ƙanƙara ce. A ƙasashe irin su Finlan, inda a birnin Oulu mutane ke zuwa aiki da makaranta a keke cikin tsananin sanyi, ƙusoshin nan ne ke cizon ƙanƙarar da ta daskare a kan hanya. Schwalbe Marathon Winter takan ɗauki ƙusoshi har 240. Idan kana da ɗa ko ƙane a Jamus ko Kanada da ke hawa keke lokacin sanyi, shi ya dace da ita. A titin Kumasi ba abin da za ta ba ka sai ƙara da nauyi, ƙusoshin su cinye a banza. Ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka ajiye.

Tiyub ba ya bukatar dogon bayani. Baƙin na roba da kowa ya sani shi ne daidai, a tabbatar lambarsa ta dace da tayar, kuma kada a sayi wanda ya daɗe a rataye a rana. Bawul ɗinsa ne abin lura, iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri mai ɗan murfi da ake murzawa wanda ke zuwa da kekunan tsere, sai na tsofaffin kekuna da na Japan mai 'yar robar ciki. Ramin rim na siririn ya fi ƙanƙanta, wajen milimita 6.5, na sauran biyun wajen 8.5, saboda haka irin na mota ba zai shiga rim ɗin siriri ba. Idan rim ɗinka ya yarda, ka ɗauki irin na mota, don duk wani mai facin mota daga Suame har Asawase zai iya ba ka iska. Sai dai ka tsaya a kansa ka ce, "Masta, a hankali," saboda injin da aka yi don tayar babbar mota cikin ƙiftawar ido yake cika ta keke ya wuce. Na Japan kuma idan iska tana zurarewa ba tare da huji ba, sau da yawa 'yar robar nan ce ta ruɓe. A canza ta kawai, ba sai an sayi sabon tiyub ba.

Da za a ba ni zaɓi tsakanin taya mai tsada ba famfo, da matsakaiciya haɗe da famfo mai agogo, ta biyun zan ɗauka. Huji da yawa da ake ɗora wa ƙusa laifin rashin iska ne. Taya mai laushi idan ta faɗa rami ko ta daki bakin kwata, rim yana matse tiyub ya yanke shi, sai ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, da ma'aunin iska na psi ko na bar, bar ɗaya kuma wajen psi 14.5 ne. Tayar maunten mai kauri takan yi aiki tsakanin psi 30 da 50, siririyar ta tsere takan kai 80 zuwa sama. Mai nauyi da mai ɗaukar kaya su matsa kusa da iyakar da aka rubuta, amma kada su wuce ta. Ƙafar baya ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, a fi ba ta iska. Cikawa tim ma ba dabara ba ce, keke zai yi ta tsalle a kan tsakuwa, riƙonsa ya ragu. Kuma tiyub mai lafiya ma yana rage iska a hankali ta jikin robarsa, don haka a duba mako-mako. Dannawa da babban yatsa ba ya nuna gaskiya, musamman a taya mai shimfiɗar kariya, wadda takan ji tauri ko iskarta ta yi rabi.

Faci ko sabon tiyub? Facin da aka yi da kyau yana kai tiyub ƙarshen rayuwarsa. Ka lura da mai facin da ya san aikinsa: zai ba tiyub iska ya nutsa shi cikin kwanon ruwa, ya bi shi a hankali har kumfa ta taso, ya sa alama, ya tsane wurin sarai. Sai ya kankare da sanfefa ya ɗan wuce faɗin facin, ya shafa sholisho sama-sama, sannan ya ajiye ya ci gaba da hirarsa wajen minti biyar har sheƙin ya ɗauke. Wannan jiran shi ne aikin. Mai gaggawa da ya liƙa faci kan ɗanyen sholisho, gobe za ka dawo masa. Bayan ya danna facin da ƙarfi, kafin ya mayar da tiyub zai bi cikin tayar da tsumma, domin siririyar wayar da ke fita daga tsofaffin tayoyin mota takan maƙale a ciki ido bai gan ta ba, ta sake huda maka kafin ka kai gida. Inda hujin yake ma yana ba da labari. Na waje ƙusa ce ko kwalba. Wanda ke kallon rim, ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyin ƙafa ne ya goce ko ya cinye, kuma ko tayar miliyan ka saya ba za ta hana shi ba, sai an canza ƙyallen. Tsaga a gindin bawul, ko huji a kan tsohon faci, a haƙura a sayi sabo. Mai yin faci da kansa ya sayi ƙaramin akwatin faci da 'yan robobin cire taya, ya daina sa sukudireba, ita ma tana huda tiyub.

Idan kuɗin taya ɗaya kawai gare ka, ta baya ce takan riga cinyewa, kuma kowa can yake kai sabuwar. Ni a gaba nake sa sabuwa, in mayar da ta gaban baya, matuƙar tana da sauran rai kuma lambarsu ɗaya. Ƙafar baya idan ta zame ko ta fashe sau da yawa mutum yana iya riƙe keke ya tsaya. Ta gaba idan ta zame a gangara, kafin ka taɓa birki kana ƙasa.