Sabon lensi ko sabuwar kyamara: wanne ke maganin dishi-dishin hoto?

Ɗan'uwa, ka ce kana aiki da Nikon D3500 da lensin 18-55mm da ta zo da shi a kwali, hotunan mutane da kake ɗauka a cikin ɗaki suna fitowa dishi-dishi, kuma kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, ko kyamara ko lensi. Ni dai lensi zan ce maka. Amma kada ka taɓa kuɗin nan sai ka yi wani ɗan gwaji, don dishi-dishi iri-iri ne, kowanne da maganinsa.

Fara da hotunan da suka ɓata maka rai. Buɗe su a kwamfuta ka zuƙo su sosai, na asali daga katin kyamara, ba waɗanda suka bi ta WhatsApp ba, domin shi yana matse hoto ya rage masa kyau. In komai na cikin hoton ya ja gefe guda kamar an shafa shi da hannu, hannunka ne ya girgiza. In bango ya fito ras amma mutumin ya shafe, shi ne ya motsa. In kunne ko wuyan riga ya fito garau ido kuwa bai fito ba, fokas ne ya sauka inda ba a aike shi ba.

Sai ka manna takarda mai ƙananan rubutu a bango inda hasken rana yake, ka cire filtar da ke gaban lensin in akwai, ka ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku ko tebur. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken hoto, a 100, ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya taɓa ta. Ɗauki hoto ta tagar leƙe, ka sake ɗauka ta allon baya, a f/5.6 sannan a f/8 (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar hasken lensi: in lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi buɗewa). In duk sun fito tsaf, kayanka lafiyarsu ƙalau, haske ne bai ishe su ba. Wannan nake zargi a wajenka.

Ga dalili. Lensin nan in ka zuƙo shi zuwa 55mm, iyakar buɗewar ƙofar haskensa f/5.6 ce. A cikin ɗaki sai kyamarar ta rage saurin ƙiftawa, wato ta tsawaita lokacin shigar haske, zuwa 1/15 ko 1/20 na daƙiƙa don ta tara haske, alhali a 55mm, hannu yana bukatar kusan 1/100, mutum mai magana ko dariya kuma 1/125 zuwa sama. VR ɗin da ke jikin lensin, wato na'urar rage girgiza, girgizar hannunka kaɗai yake ragewa, ba ya tsayar da wanda ke gabanka. Yanzu ɗora lensin 50mm f/1.8 a kan wannan kyamarar. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na f/5.6, wato inda ka sami 1/15 za ka sami wajen 1/150 ba tare da ka taɓa ISO ba. Ko ka ɗan tsuke shi zuwa f/2.8, inda ya ƙara kaifi, ninki huɗu ne. Sabuwar kyamara kuwa, in ka mayar mata da tsohon lensin, hasken da zai isa ga sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar hoton, shi ne dai na jiya. Ba ta da inda za ta samo ƙari.

Sai dai lensi mai faɗin ƙofa yana da nasa tarkon, kuma da yawa sun saya sun yi da-na-sani a makon farko. A f/1.8, mutum yana nesa da kai mita 2, abin da zai fito garau bai wuce kaurin santimita 11 ko 12 ba. Ya ɗan sunkuyo, ido ya fita. Mutum uku a jere, wani gaba wani baya, ɗaya ne zai fito. Shi ya sa a ɗaki na fi son 35mm f/1.8G DX: a wannan nisan yana ba ka kusan ninki biyu na wancan kaurin, kuma ba sai ka manne da bango kafin kowa ya shiga hoto ba. In 50mm ɗin ka zaɓa, duba harafin ƙarshe da kyau. D3500 ba ta da injin juya fokas a jikinta, don haka tsohon 50mm f/1.8D ba zai yi fokas da kansa ba, mai harafin G ake nema.

To ina sabuwar kyamara take cin nasara? A wajen fokas. In gwajinka ya nuna hoton allon baya ya fito ras amma na tagar leƙe kullum yana sauka gaba ko baya, na'urar fokas ɗin da lensin ne ba su daidaita ba. D3500 ba ta da wurin gyara wannan a cikin saitinta, D7500 tana da shi, kuma ɗigon fokas 51 gare ta inda taka ke da 11. Kyamarori marasa madubi irin jerin Nikon Z, da aka fara fitarwa a 2018, a kan sensar kanta suke auna fokas, wannan matsalar ba ta cika tasowa ba, ga shi suna bin idon mutum da kansu. Mai ɗaukar yara suna guje-guje ko 'yan wasa a fili zai ga bambanci tun ranar farko. Ko haka ne, kafin ka yanke hukunci gwada ɗigon tsakiya shi kaɗai, ka ɗora shi a kan ido. Shi ya fi sauran goman kamawa in haske ya yi ƙasa.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka sayi kyamara don yawan megafiksel. Taka 24 gare ta, 6000 a faɗi 4000 a tsaye. Mai 45 ƙara tona girgizar hannu da raunin lensi za ta yi.

Saura abu ɗaya. In gefe guda na takardar kullum yana fitowa hazo-hazo ɗaya gefen kuwa garau, alhali kyamarar tana fuskantar bangon sak, gilasan cikin lensin ne suka goce, galibi bayan faɗuwa. Haska shi da tocila ta baya ma, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta danshi. Waɗannan biyun ba saitin da zai gyara su, sai mai gyara ko canji. Lensin G da ka saya yau kuma ba asara ba ce in ka koma Nikon Z gobe, zai hau ta da mahaɗin FTZ, fokas ɗinsa yana aiki.