Fedodin jita uku da suka ishe ni aiki a Garwa, da wawan da na saya

Shekara tara kenan ina kaɗa jita a bukukuwa nan Garwa, wani lokaci a kira mu Gidar ko Figil, sau biyu ma mun je har Marwa, kuma kusan duk inda muka sauka sai yara sun zagaye ni suna leƙen katakon nan da nake takawa, wani ya ce yaya wannan na mene ne, wani ya ce yaya wanne zan fara saya. To na gaji da maimaitawa, bari in zayyana yadda na ga kayan nan bayan na yi ta dukansu da ƙafa cikin ƙura da zafi.

Abin da ke kan katakona yanzu fedodi ne, wato 'yan na'urorin da ake takawa da ƙafa tsakanin jita da lasifika, guda uku kacal, duk na kamfanin Boss: TU-3, SD-1 da DD-3. Biyu na gwanjo ne, wani abokina da ke zaune a Duwala ya tsinto min su a shagunan kayan hannu, aka sako su a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can mota ta ƙaraso da su cikin kwalin sabulu. TU-3 ɗin ne kawai na saya sabo. Da can har shida nake jerawa saboda burga.

Wanda yara suka fi rainawa shi ne TU-3, farin nan, saboda ba ya canza sauti ko kaɗan, aikinsa kawai ya nuna maka ko tsirkiyarka ta zauna daidai. Sai su ce ai akwai irinsa a waya kyauta. E akwai, amma je ka gwada a tsakiyar biki, mai fiyano na yi, mai ganga na yi, mata na guɗa, gurup, janareta kenan, na ruri a bayan katanga, wayar za ta ji tsirkiyarka ne ko za ta ji guɗa? Shi wannan ta cikin wayar jita yake ji, hayaniyar duniya ba ruwansa. Kuma da ka taka shi sai ya yanke sautin gaba ɗaya, ka ɗaure tsirkiyarka shiru ba wanda ya ji, ba irin "tin tin tin" ɗin nan a bafil, wato lasifika, da ke sa dattawa su yi ta kallonka ba. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, ka fito da jita daga ɗaki ka ajiye ta ƙarƙashin rumfar kwano minti ashirin, wallahi sai ka tarar duk ta sauka, ni kusan bayan kowace waƙa biyu sai na taka. Fitilunsa 21 ne a jere, kuma akwai yadda ake ƙara musu haske don wasan rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mu da ake sa mu fara kiɗa tun la'asar. Ka dai duba ma'aunin sautinsa yana kan 440, don a kan nan fiyano take, in wani yaro ya danna maka ya gusa sai ka yi ta rantsuwa kai ne daidai alhali duk ƙungiya na gefe guda kai kana gefe guda.

Amma gaskiya wanda nake ci da shi, wanda in aka ce in zaɓi ɗaya in bar sauran zan rungume, DD-3 ne. Shi ne mai amsa-kuwwa, dile kenan a bakin makaɗa. Boss sun fito da shi tun 1986 kuma har yau ana nemansa, nawa duk fentin gefensa ya goge, robar wajen takawa ta sha ƙafa har ta yi santsi, amma bai taɓa ba ni kunya ba. Dalilin da ya sa ya fi komai a wajenmu: kiɗan da ake biyanmu mu yi ba rok ba ne. Mu rumba ce ta Kwango, da makosa, da waƙoƙin Fulatanci da na Hausa da ake so jita ta riƙa bin murya tana amsa mata, kuma duk waɗannan sauti wankakke suke so, mai ƙyalli, tsirkiya ɗaya-ɗaya. In ka zo wajen seben ɗin nan, inda kiɗan rumba ke zafafa, da 'yan rawa ke jira, ba dile, sai ka ji jitar ta bushe kamar tuwo ba miya. Da ka taka shi sai ka ji kamar ku biyu ne ke kaɗawa.

Maɓallansa huɗu, kuma mutane da yawa a nan suke ɓata abin. Na ƙarshe yana zaɓar tsawo, 50 ko 200 ko 800, wato kashi dubu na daƙiƙa, ni kullum a 800 yake sai in rage da maɓallin D.Time. F.Back shi ne yawan maimaitawa, kada ka wuce sau biyu, in ka murɗa shi da yawa sai waƙa ta zama kunu, kai kanka ba ka san wace tsirkiya ka taɓa yanzu ba wace ce ta ɗazu. E.Level kuma, ƙarfin amsa-kuwwar, ka bar shi ƙasa da ainihin sautinka kaɗan. Lissafin ma ba wuya: raba 60,000 da gudun waƙar, wato yawan bugu a minti ɗaya. In mai fiyano ya sa 120 a allonsa, bugu ɗaya 500 kenan, ni kuma na fi son kashi uku cikin huɗu na wannan, 375, shi ke ba da tsalle-tsallen nan da ke shiga tsakanin bugu da bugu. Matsalar kawai tsohon DD-3 ba shi da allo kuma ba a buga masa gudu da ƙafa, da kunne za ka nema, ka durƙusa ka murɗa. Sabon da suka fitar a 2019, DD-3T, shi ana buga masa gudun da ƙafa. Ni dabarar da na yi, na ɗiga jan farcen matata a wurare uku a gefen maɓallin, na rumba mai sanyi, na makosa, na seben, kafin a fara waƙa in kai shi kan ɗigon shikenan. Ta yi ta min tsiya wai jan farcenta ya ƙare a kan ƙarfe.

SD-1, rawayan nan, shi ne na uku kuma a gaskiya ba kullum nake taka shi ba, a dare guda bai fi waƙa uku ko huɗu ba. Tun 1981 ake yinsa. Yana ƙara wa sauti ɗan kaushi da kauri, kamar muryar da ta ɗan dishe. Ni Drive ɗin ƙasa-ƙasa nake barinsa, in ɗaga Level, don in lokacin da zan yi nawa ya zo jitar ta leƙo saman fiyano da ganga ba sai na roƙi mai na'ura ya ƙara min ba. Yana tura tsakiyar sauti gaba ya rage gindi, shi ya sa yake huda hayaniya. In kuma samari suka nemi irin kiɗan Abzinawan Agadas sai in ƙara Drive zuwa rabi, ya isa. Masu son koren nan na Ibanez, Tube Screamer, kusan aiki ɗaya suke yi, wanda ka samu da araha ɗauka. Abin da ba zan ba ɗan biki shawara ba shi ne disto, fedar kaushi mai nauyi irin ta 'yan rok, na taɓa gwada na aro a wani kamu, wata hajiya ta aiko yarinya wai a duba bafil ɗin ya fashe.

Jerin kuwa daga jita: TU-3, sai SD-1, sai DD-3, sai amfili, akwatin da ke ƙara sauti. Kada ka sa dile kafin mai kaushi, sai ya dagula maimaicin duka.

To yanzu labarin wawa. Sunan fedar kenan fa, wadda ake lilo da ita da ƙafa tana cewa wa-wa-wa, tun shekarun 1960 ake da ita. Na gan ta a bidiyo na ce ni ma sai na mallaka, na ba wani mai zuwa Yola saƙo ya kawo min wata marar suna, ko rubutun kamfani babu a jikinta sai tambarin walƙiya, jaka 18 na biya, sefa dubu 18 kenan. Sati uku ta yi. Hunturu ya shigo, ƙura ta cika cikinta, duk na motsa ƙafa sai ƙarrr ƙarrr kamar ana yayyaga takarda. Maigidanmu mai fiyano, dattijo ne ba ya son wasa, ya juyo a tsakiyar waƙa ya ce min "ɗana, cire wannan abin". Bayan an tashi yake tambayata sunanta, na ce Baba wawa ake ce mata, ya ce "to ita da wanda ya saye ta". Har yau in zai tsokane ni sai ya ce ina ƙanwarka. Ko da mai kyau ce ma, a kiɗanmu wurinta bai fi minti ɗaya a dare ba, ga nauyi ga cin wuri a katako. Koras mai kaurara sauti da ribab mai sa shi amo kamar a babban ɗaki su ma na sauke su, ribab akwai a amfilina, koras kuma fiyano ta riga ta cika wannan gurbin.

Abin da ba wanda ke faɗa wa yara, kuma shi ya fi kashe fedodi a ƙasar nan, wuta ce. Duk waɗannan bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin cajar nigatif ne, akasin yawancin cajojin dikoda da na akwatin intanet da ke yawo a gidajenmu, waɗanda galibi bolt 12 ne tsakiyarsu fozitif. Bakin kuwa iri ɗaya, yana shiga lafiya lau, nan ne tarkon. Ƙanena ya taɓa ɗaukar cajar dikoda ya soka wa wata tsohuwar fedata ina wanka, ina fitowa na ji warin ƙonannen roba, yana tsaye yana cewa yaya wallahi fitilar ta kawo sau ɗaya. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa, ya buɗe ya ɗaga gilashinsa ya nuna min wani ɗan ƙaramin abu baƙi kamar ƙwayar shinkafa ya tsage biyu, ya ce diyod ne, shi ya mutu a madadin sauran, ka gode Allah. Ya canza, jaka ɗaya. Ya ce min "alhaji in ka ƙara, ba ni za ka zo wa ba, bola za ka je". Tun ranar na naɗa jan salatif a cajar fedodi, kowa a gida ya san ba a taɓawa.

Batir kuwa, mai kusurwa huɗun nan, SD-1 ba ya cin komai, abin da yake ja bai wuce miliyam 10 ba, zai yi maka bukukuwa da yawa. Dile na dijital ne, yana jan ninkin wannan sau da yawa, batir ɗaya da ƙyar ya kai ka ƙarshen dare. Kuma ko feda a kashe take, muddin jak, kan wayar jita, na soke a bakin shiga tana shan batir, ka zare in kun tafi sallah ko cin abinci. Na daɗe ina amfani da waya mai rassa, caja ɗaya ta ciyar da duka, a gida lafiya, amma da an haɗa da gurup a ƙauye, ga firji ga fitilu ga injin masu sanyaya ruwa duk a ralonj ɗaya, wayar ƙarin soket kenan, sai ka ji "mmmmm" a bafil ba ya tsayawa, in gurup ya yi tari sautin ya ɗauke ya dawo. Yanzu abin da nake yi, fawa bank na waya da 'yar wayar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 9, na raba kaina da wutar wurin gaba ɗaya, ƙugin ya ragu sosai, kuma ko an ɗauke wuta fedodina ba su san an yi ba. Ka gwada kafin ka biya dai, wasu wayoyin suna da nasu ɗan fito siriri. Mai hali ya sayi akwatin wuta wanda kowace ƙofa take a ware, shi ne maganin gaske, ni ban kai can ba tukuna.

Wanda kuɗinsa bai kai ya tara uku ba, akwai hanya. Wani abokina da ke kaɗawa a coci yana da Zoom G1X Four, na karɓa na yi sati biyu da shi. Komai na ciki, har biyar kake jerawa a lokaci guda, ga na ɗaure tsirkiya, ga ganguna, ga mai naɗar daƙiƙa 30 yana maimaita maka ka yi atisaye kai kaɗai, kuma batir huɗu irin na tocila yake ci, wanda ko a kantin ƙauye akwai. Ga mai koyo ban ga abin da ya fi shi ba. Ni dai ban saba da shiga menu a tsakiyar waƙa ba, na fi son in ga maɓalli in murɗa, kuma jikinsa roba ne, ni kuwa kayana a bayan moto suke yawo.

Katakon ma kafinta ne ya yanka min, kamu biyu da ɗan wani abu. Mannau ɗin nan irin na takalmin yara na fara sawa, zafi ya narkar da gam ɗin, ranar nan muna gangarowa gadar Binuwai na ji ƙwal a cikin jaka, DD-3 ya ɓalle yana yawo. Yanzu huda katakon na yi na ɗaure kowace da robar tiyub. In mun dawo daga wasa sai in bi maɓallan da tsohon buroshin haƙori, in lulluɓe da tsohon zanen gyatuma, in tura ƙarƙashin gado. Wawar kuma tana nan, ita ke tare mana ƙofar kicin kada iska ta rufe.