Gargaɗi ga masu keken hawa dutse a Zariya: a kula da shokazoba na jabu

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo tsakanin masu keken hawa dutse, musamman matasan Samaru da Kongo masu son canza shokazoban baya. Mutum zai saka hoton shok na Fox Float ko RockShox Monarch a WhatsApp ko Facebook, ya ce ɗan Beljiyam ne, ya karya farashi, ya nemi kafin alƙalami da sunan zai aiko ta tasha daga Legas ko Kano. Wani da ya ga kuɗi sai ya kashe waya. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda zai aiko da kayan, domin abin da ke zuwa iri biyu ne: ko shok mai arha da aka liƙa wa sitika, ko na asali amma matacce, an goge shi da mai an ɗura masa iska.

Na sitika bai da wuyar ganewa. Fox da RockShox duk suna da lambar kaya a jikinsu, ana iya duba ta a shafin kamfanin a ga samfuri da girma. Idan babu lamba, ko an kankare ta, a bar masa abinsa.

Mataccen ne ke cin mutane, don yana riƙe iska, ido kuma ba ya ganin ciwonsa. Shok sassa biyu ne: iska mai ɗaukar nauyi, da mai a ciki mai hana shi wullo da mutum. Idan ɓangaren man ya mutu, abin da ka saya sifirin ne kawai. Gwajinsa sai a kan keke. A murɗa jan maɓallin da ke jikin shok, mai daidaita saurin tasowarsa, har ƙarshe wajen rufewa, a danna sirdi da ƙarfi a saki. Ya kamata ya taso a hankali. A buɗe shi duka a sake dannawa. Ya taso da sauri. In ba bambanci, ciki ya mutu, ko kuma maɓallin ado ne. A kasa kunne kuma. Ƙarar cakal-cakal na nufin iskar naitirojin ta tsallake ta gauraya da mai, gyaran nan kuwa ya fi ƙarfin mai gyaran keke na bakin titi. Idan shok ya noƙe ya ƙi miƙewa ko da an ƙara iska, sil ɗin ciki, wato robar da ke tare iska, ya lalace, kuma kada kowa ya kwance shi da garaje, akwai iska a tsare a ciki.

A bi jikin da ke shiga yana fita da farce. Ɗan damshin mai ba laifi ba ne. Amma ƙarzuwa, ko wurin da launi ya koɗe ƙarfe ya fito fari, shi ke nan, zai ci kowane sabon sil, balle da ƙurar hunturun Zariya.

Sai wata dabarar, wadda ake kira ƙarin girma. Za a ce maka ka sa mai tsawo keken ya ƙara laushi. Ƙarya ce. Kowane firam da ma'auninsa: tsawo daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, wato ramuka biyun da ake ɗaura shok da su, da kuma nisan da shok ke nutsewa, misali 165x38, 190x50, 200x57 ko 210x55 a milimita. Aka sa wanda ya zarce, taya za ta daki bututun sirdi ko ƙarfe ya daki firam har ya tsage, wataƙila ma a gangaren Kufena. A auna tsohon, har da faɗin bushin da kaurin noti, 6 ko 8 galibi, kafin a fara ciniki.

Mutane da yawa ma ba sabon shok suke buƙata ba, saiti ne babu. Da famfon shok na musamman mai kai 300 psi (ma'aunin ƙarfin iska) ake yi, injin mai faci ba ya wannan aiki. Mai kilo 70 zai iya farawa da kamar 150 zuwa 160 psi, yana danna keken sau da dama bayan kowane 50 don iskar ta daidaita. A tura zoben robar da ke jikin shok har ya taɓa bakin tulun iska, a hau a zauna tsit, a sauka a hankali a auna nisan da zoben ya matsa. Ana son kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nutsewar shok, wato milimita 13 zuwa 15 a shok mai nutsewar 50. RockShox na cewa a wanke tulun iska a sa sabon mai duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma ta sa cikakken sabis a awa 125 ko shekara ɗaya.

Wanda zai saya, ya ce wa mai kayan su haɗu a shagon mai gyaran da ya yarda da shi, a Sabon Gari ko Tudun Wada, a ɗaura shok ɗin, a rubuta yawan iskar, a sa ruwan sabulu a bawul, a bar shi ya kwana a wurin. Washegari in ya riƙe iska kuma jan maɓalli na aiki, a biya. Mai cewa sauri yake, wani na jira da kuɗi a hannu, a ce masa Allah ya ba da kasuwa.